Yadda ɗan jinya zai ci abinci a gidan da ba a dafa nama a Indiya

Duk wanda ya raka marar lafiya Indiya ya san cewa bayan kuɗin asibiti ba abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya kamar abinci. Na yi jinyar Baffana a Chennai, birni a kudancin Indiya, lokacin da aka yi masa aikin zuciya, likita kuma ya gindaya masa sharuɗɗa: a rage gishiri, a rage maiƙo, a dakata da jan nama. Shawarar da nake ba duk mai shirin tafiya ita ce ya nemi gidan abincin da ba a dafa nama a cikinsa sam. Shakkun wanda ya yi yanka ya kau ke nan. Sai dai ka shiga da ido biyu, domin rashin nama kaɗai ba ya sa abinci ya dace da marar lafiya.

Gane irin wannan wuri ba wuya. Za ka ga an rubuta Pure Veg a allon ƙofa, ko ka ga ɗigo kore a cikin murabba'i kore. Wannan alamar ce doka ta ce a buga a jikin abincin leda da na gwangwani, wanda yake da nama kuwa alamarsa ruwan ƙasa ce. A wurinsu ƙwai ma a sahun nama yake, amma madara da kindirmo da man shanu suna nan birjik.

Da safe ka fara da idli. Ƙullun shinkafa ne da wani ɗan wake da suke kira urad, a bar shi ya kwana ya tashi kamar ƙullun waina, sai dai turara shi ake yi, ba ya ganin mai ko kaɗan. Shi Baffa ya fi samun natsuwa da shi. Ana kawo shi da sambar, miya mai ruwa-ruwa ta waken Turawa da tsamiya da kayan lambu. Idan ka ga wasu guntayen sanduna kore a ciki kada ka ture su gefe, 'ya'yan zogale ne. Mu ganyen muke kwaɗawa, su kuwa har kwanson suke dafawa, ka tsotse na ciki ka ajiye ɓawon. Vada da puri a cikin mai ake tsoma su, ka bar wa masu lafiya. Dosa, wadda ake yi da irin ƙullun idli a shimfiɗa shi siriri, a kan faranti ake gasa ta, amma idan ka ga kalmar ghee ko butter a gaban sunanta, an kwarara mata man shanu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yawan kayan gonarmu da na tarar, suna kawai suka canza. Bajra gero ne, jowar dawa ce, ragi kuma tamba. Bhindi kuɓewa, lobia wake, gongura da mutanen Hyderabad ke ji da ita yakuwa ce. Indiya ce ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, kuma gidajen abincin da ke tallar kula da lafiya sun rungumi abin hannu bibbiyu. Za ka samu dosar tamba, gurasar gero, gurasar dawa. Ka haddace waɗannan sunaye kafin ka tafi, domin tsoho idan ya ji an ce masa gero ne ko dawa, sai ka ga ya miƙa hannu ba gardama. Abin yana ba ni takaici yadda muka mayar da tamba abincin da ake jin kunyarsa, ga shi can ana jera ta a faranti da tsada.

Da rana ana kawo thali, a kudu kuma meals suke cewa, wani wurin a kan ganyen ayaba. Shinkafa ce a tsakiya, ƙananan kwanoni sun kewaye ta. Nan ne fa ake bukatar kula. A wurare da yawa ana ta ƙara maka shinkafa har sai ka ce ya isa, don haka mai ciwon suga ya tsayar da su tun a zubin farko, ya nemi ƙarin miyar wake da ganye. Ka zaɓi chapati, wadda ake yi da garin alkama da dusarsa, a kan naan ta farar fulawa. Abu biyu ka ɗauke daga gaban mai hawan jini tun kafin ya taɓa: papad, wannan siririn abu mai ƙaras-ƙaras, da achar, wato ɗanyen mangwaro ko lemun tsami da aka jiƙa cikin gishiri da mai da barkono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, waɗannan biyun kuwa suna cinye kaso mai yawa a zama guda. Ɗan kwanon zaƙin da ke gefe ma a mayar.

A Delhi da sauran arewa tarkon yana cikin miya. Dal makhani da paneer butter masala da malai kofta duk babu nama, amma da man shanu da kirim ake haɗa su. Ka nemi dal tadka ko chana, duka miyar dangin wake ne, ko bhindi, ka roƙa a rage mai.

Ka yi magana, kada kunya ta hana ka. A arewa ka kira mai kawo abinci bhaiya, a Chennai ka ce anna, duka biyun yaya suke nufi. Da Indiyanci, kam namak a rage gishiri, kam tel a rage mai, mirchi kam a rage yaji, bina cheeni ban da sukari. A Chennai Tamil ake ji, Turanci ya fi yi maka aiki. Ka sani kuma miyar da ke cikin babbar tukunya an riga an sa mata gishiri, ba yadda za a yi da ita. Abin da ake dafawa bayan ka yi oda ne kaɗai za a iya gyara maka. Shayi da kofi da sukarinsu suke zuwa idan ba ka hana ba. Ruwa kuma na gora, wanda kai za ka buɗe da hannunka.

Mai ciwon ƙoda hukuncinsa daban. Wake da tumatir da ayaba da ruwan kwakwa, da ake yaba wa kowa, suna iya cutar da shi saboda sinadarin potassium, wanda aka yi wa dashe kuma ana hana shi ɗanyen ganye da kayan marmarin da aka yanka a waje. Manyan asibitocin suna da jami'in tsara abinci. Ka sa ya rubuta maka abin da aka yarda da wanda aka hana, da sunayen da ake kiransu a garin, ka ɗauki hoton takardar a waya ka nuna wa mai kawo abinci kafin ku yi oda.