Yadda za ka saba ma ƴan shila na tsere da akurkin tahiya

Salamu alaikum ƴan uwa masu kiwon tantabara. Ran Lahadi cikin kasuwar Tawa wani ƙanena ya tare ni da murna, wai yaya ƴan shilana sun cika wata 3, gobe zan ɗaura su bayan moto in kai su Badagishiri in sake su in ga wa za shi riga isowa gida. Na ce mishi sun taɓa kwana cikin akurki? Ya ce a'a. Sun taɓa shan ruwa cikinshi? Ya ce a'a. Na ce to don Allah aje moton nan tukuna, zo mu zamna.

Abin da na hwaɗa mishi shi zan maimaita nan, don ni ma na taɓa yin wagga asara kuma har yau in na tuna raina na ɓaci. Shekarar da na hwara, cikin kwali na zuba ƴan shila 8, na huda ramu, na kama hanyar Ƙonni da hantsi cikin watan 4, da na buɗe sun hito baki buɗe suna haki, biyu ma ba su tashi sama ba sai sunka sauka bisa wani icce, 3 kaɗai sunka dawo gida. Na daɗe ina cewa hanya ta ɓace musu, sai daga baya na gane ba hanya ba ce, tsoro da ƙishirwa sunka gama da su tun kahin in buɗe. Tsuntsun da ya hito a hirgice ba ya tsayawa neman gida, gudun akurkin kawai shika yi.

Amma mu hwara da gaskiya guda, maganar nan ta tantabarun tsere ce, irin masu komawa gida daga nesa, waɗanda anka gyara irinsu a Beljik tun wajen shekarun 1800. Tantabarunmu na tukunya na gida su ma suna dawowa daga kusa, amma kar ka kai su kilomita 100 ka ce sun ci amana. A Turai akwai tseren da ake sakin su daga Barselona ta Ispaniya su koma Beljik ko Holan, wajen kilomita 1000, kuma kahin ranar saki sai sun yi kwanaki cikin kwando bisa hanya, can suka ci can suka sha. A 2020 an saida wata tantabarar Beljik mai suna New Kim Yuro miliyan 1.6, sama da miliyar 1 na Sefa ke nan, to ita ma da ba ta iya shan ruwa cikin kwando ba da ba ta kai ko'ina ba.

Akurkin kanshi, ba irin na kaji mai zagaye da ake kihewa ƙasa ba. Kana son mai kusurwa huɗu, mai gindi na katako ko saƙa mai ƙarhi, tsawonshi sama kamar santimita 25 zuwa 30, yadda tsuntsu za shi tsaya kanshi bai taɓa ruhi ba amma kuma bai samu wurin tsalle yana dukan kai ba. Ƙohwa biyu, ƙarama a bisa ta saka su ɗaya ɗaya, da babba a gehe wadda ke buɗewa gaba ɗaya don su hito tare. Sannan gehe guda a yi shi da sanduna tsaye, tsakaninsu kamar santimita 4 zuwa 5, kai ya wuce jiki bai wuce ba, nan ne za ka rataya mazubin ruwa daga waje. Masu saƙar kwando suna iya yi maka in ka zana musu, kahinta ma haka. Ka guji na ƙarhe zalla ko mai ruhin kwano, a rananmu ta bazara da ke wuce digiri 40 tanda ce ka saya ba akurki ba. Ka shahwa hannunka ciki ko'ina, in akwai tsinin waya ko ƙusa ka cire, shi ke karya gashin hihhike. A ƙasa ka zuba ɓarɓashin katako mai kauri ko ɓawon gujiya busasshe, ban da mai laushi kamar gari don yana shiga musu ido da hanci, kuma ban da leda ko kwali mai santsi, ƙahwa ke zamewa.

Lokacin hwarawa shi ne lokacin yaye, kwana 25 zuwa 30 da ƙyanƙyasa, sa'ad da ɗan shila ya hwara tsintar hatsi da kanshi kuma gashin ƙarƙashin hihhike ya ruhe. A wannan shekarun bai san tsoro ba sosai, duk abin da ya gani yau gobe ya zama nashi. In ka bari sai ya yi wata 3 yana yawo sama kahin ya ga akurki, aikin ya ninka.

Kwana 3 ko 4 na hwarko ba kamu ba ruhewa. Ka aje akurkin cikin ɗakinsu, ƙohwar gehe a buɗe, ka watsa musu hatsi da dawa ciki lokacin cin abinci, kana kaɗa gwangwanin hatsinka ko kana hito da baki irin wanda ka saba kiransu da shi. Za su shiga su hito, wani ma ya hau bisa ya yi kashi, ƙyale shi. Ranar da ka ga suna shiga ba gardama sai ka ruhe ƙohwa suna cikin ci, minti 15 ka buɗe. Gobe rabin awa, jibi awa 1, a inuwa, wurin da suke ganin ɗakinsu.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau, maganar ruwa. Tantabara ba kamar kaza take sha ba da za ta ɗiba ta ɗaga kai, ita nutsa baki take ta zuƙa har ta ƙoshi, don haka mazubin ya zama mai zurhin da baki zai nutse, santimita 2 zuwa 3 na ruwa ko hiye. Matsalar ita ce ɗan shila ya saba da kaskon da ke tsakiyar ɗaki, bai san cewa in ya zura kai tsakanin sanduna akwai ruwa waje ba, sai ya zamna da ƙishirwa ruwa na gabanshi, wallahi na gani da idona. Yadda nake yi, da sahe in ba su hatsi, in ɗauke kaskon ruwan ɗaki, in saka su akurki da mazubin a rataye amma ba ruwa ciki. Bayan kamar awa 1, lokacin hatsin ya kira ruwa, sai in zo da buta in tsiyaya a hankali daga sama yadda za su ji ƙarar zubarshi, in sa yatsa ina motsa ruwan. Ƙarar nan ita ke jawo su. Ɗaya na zura kai sauran sun bi, don tantabara da kallo take koyo, shi ya sa in kana da tsohuwar mace mai sanyin hali wadda ta san akurki ka saka ta tare da su, rana guda ta koya musu abin da kai za ka yi sati kana hwama. Kar ka sa tsohon namiji, sarar su zai yi.

Kuma kar ka ce ai sun sha don ka ga ruwa ya ragu. Zamna ka ƙirga, wane ya sha wane bai sha ba, in suna da zobe a ƙahwa ka riƙe lambar, in babu ka riƙe kala. Wanda ka ga ya takure yana lumshe ido, wannan ƙishirwa ce, ka hiddo shi ka tsoma bakinshi cikin mazubin nan na akurki, ba wani kasko daban ba, iyakar baki ban da hanci, za ka ji yana zuƙa. Ka maida shi, gobe ka sake dubawa. Ni ba na wuce wanga mataki sai kowane ɗaya ya sha da kanshi kwana 3 a jere, ko da zai ɗauke ni sati biyu. Amma hana ruwan nan na awa 1 ne zuwa 2 da sanyin sahiya, ba wai ka bar su wuni ba, a watan 4 da watan 5 ko kusa kar ka gwada haka da rana.

In sun iya sha sai kwana. Ka saka su da magariba, su kwana ciki wurin da iska ke shiga kuma mussa da ɓera ba su kai, da sahe ka ba su ruwa ciki, ka kai akurkin tsakar gida kana huskantar ɗakinsu ka buɗe ƙohwar gehe a hankali ka ja baya. Kar ka buga akurkin, kar yara su yi ihu, bari su hito da ƙahwarsu. Sau 2 ko 3 a sati ya isa.

Kamun ma yana da nashi. Kar ka bi su da gudu cikin ɗaki kana cahka, wanda ka kama da wutsiya yau gobe yana ganin akurki zai haɗa shi da wannan wahala. Ka kama da duhu duhu, asuba ko bayan magariba, ƙahwahu biyu tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, babban yatsa bisa ƙarshen hihhike da wutsiya, ƙirjin ya kwanta bisa ɗayan tahin hannunka, ka saka shi kai gaba. Kuma kar ka cika akurki, kowa ya samu wurin juyawa da kwanciya, lokacin zahi ka rage ko da sai ka yi sawu biyu. In sun girma maza sun hwara kurri suna bin mata ka raba su.

Saura girgiza da ƙarar moto. Ka ɗaure akurkin da kyau da igiyar roba, ka shimhiɗa tsohon bargo ƙarƙashi don ya rage duka, ka ruhe sama da buhu na algarara ko zane mai shan iska amma gehe a buɗe, kuma ka lura hayaƙin salansa ba ya bugunsu. Ranar hwarko tada moton kawai ka bar shi yana aiki minti kaɗan. Sannan zagayen unguwa a hankali ka dawo gida, ba saki, ka ba su ruwa cikin akurkin suna sauka. Wasu za su amayar da hatsi saboda girgiza, shi ya sa ba a ɗaukar su da cikakken ciki.

Saki daga waje ba ya zuwa sai sun san saman gidansu. Alamar ita ce in ka sake su da sahe su haɗu garke guda su ɓace ma ganinka, rabin awa ko awa 1 sannan su dawo, yawanci wajen sati 10 zuwa 12 suke kai nan. To sai ka hwara da kilomita 2, ka maimaita, sannan 5, sannan 10, sannan 20, kowane wuri sau 2 ko 3, duk bisa hanya guda, in kudu ka zaɓa to kudu har sai sun riƙe ta. Badagishiri da ƙanena ke gaggawa ta hi kilomita 40, Ƙonni kuwa ta wuce 100, waɗannan na gaba ne. In ka isa wurin saki kar ka buɗe nan take, ka sauke akurkin ƙasa a hili, nesa da wayoyin lantarki da manyan itace, ka cire ruhin, ka zuba ruwa, ka ba su minti 10 zuwa 15 su huce su dubi rana, don da rana suke gane gabas da yamma tare da sauran baiwar da Allah ya ba su. Ka ɗaga kai ka duba ko shaho na shawagi, in yana nan ka jira ya wuce. Ranar da hazo ya ruhe gari lokacin ɗari ko hadari ya haɗo da damana, ka maida su gida cikin akurkinsu, ba a yi asarar komi ba, sun ƙara sabo ne. Ni ƙarhe 7 zuwa 8 na sahe nake saki, kuma da ƴar yunwa, don su san hatsi na jiransu gida su shiga ɗaki da sauri.

Abu guda da ke ban tsoro shi ne aron akurki. Abokai na cewa mu haɗa namu mu sake su tare, to ruwa guda ne ke yawo da ciwon nan mai sa hwarin ƙulli kamar cuku cikin baki, da kuma mai murɗe wuya wanda ɗan uwan ciwon kaji ne, shi wannan yana da allurar rigakahi, ka tambayi likitan dabbobi tun suna ƙanana kahin su haɗu da na wani. Duk dawowa ka zubda shimhiɗar ƙasa, ka wanke mazubin da ruwan jabel kaɗan ka ɗauraye sosai, akurkin ka shanya shi rana.

Kahin ka hita ka bar wani gida ya cika kaskon ruwa ya riƙe gwangwanin hatsi, don sau da yawa za su riga ka isowa. Wanda ya makara har dare ko ya kwana waje, in ya dawo ka ba shi ruwa tukuna, hatsi kaɗan daga baya, ka duba ƙirjinshi da hihhikenshi ko waya ta yanke shi, ka bar shi ya huta kwana 3 ko 4, in za ka sake ɗaukarshi ka koma da shi wurin da ya hi kusa. Ƙanen nan nawa ya kira ni jiya, ya ce 9 cikin 11 sun hwara zura kai suna sha, na ce mishi saura 2, sai sun sha mu yi maganar moto.