Biki, Walima da Kwalba: Kurakuran da Aka Fi Yi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Wata huɗu da yi mini tiyatar rage ƙiba aka yi bikin 'yar gwaggona a Kano. Ranar yini ina zaune kan tabarma a tsakar gida, sai ga Gwaggo da kanta ta dire mini faranti: dafa-duka ta yi tozo, cinyar kaza biyu, ga lemon kwalba mai sanyi har yana raɓa. Na ci cokali uku na ajiye. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar nan, girkin nawa ne bai yi miki ba, ko rainin ne ya motsa?"

"Wallahi Gwaggo ƙoshi na yi."

"Ƙoshin me? Dubi yadda kika zube kamar wadda ta tashi daga jinya. Ci mana!"

Don kunya na ƙara cokali biyar, na kora da lemon. Ba a yi minti 20 ba gabana ya fara dukan uku-uku, gumi ya jiƙa mini ɗankwali, cikina yana murɗawa, gidan yana juya mini. A banɗaki na ƙarasa yinin, mata suna ta raɗe-raɗin wai ko ciki ne da ni. Likita ya rage mini tumbi, amma kunyar da aka raine ni da ita tana nan yadda take, kuma yawancin kurakuran da zan ambata daga wajenta suke fitowa.

Aikin iri biyu aka fi yi. Akwai silif, inda ake cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn abu kamar ayaba. Akwai baifas, wanda aka yi mini, inda ake ware ɗan aljihu a saman tumbi da bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi da ƙaramin hanji kai tsaye. Wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara baifas don rage ƙiba a 1966. Mutanenmu da yawa a Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai ake yi musu, su dawo bayan mako biyu da takardar dokokin abinci wadda ba ta san tuwo ba, ba ta san fura ba, balle bikin 'yar gwaggo.

Kuskuren farko shi ne ɓoye aikin ga kowa da kowa. Na fahimci dalili, don bakin mutane ba shi da linzami, wani zai ce kin kasa haƙuri da halittar Allah. Ba dole ba ne a yi shela. Amma a kowane gida da za ki ci abinci, ki samu mutum ɗaya da ya sani, wanda zai tare miki. Sauran kuma jimla ɗaya ta ishe su: "Likita ya sa mini doka." Mutanenmu suna girmama dokar likita, sun saba da ita a wajen masu ciwon suga da hawan jini. "Na ƙoshi" kuwa gayyatar gardama ce. In an matsa, ki ce a zuba miki a kula ki tafi da shi gida. Ba uwar bikin da za ta ji haushin wannan.

Sai korawa. Mun tashi da ganin kofin ruwa a gefen kwano, loma biyu a kurɓa. Bayan aiki wannan ya ƙare. A daina shan ruwa kamar minti 30 kafin cin abinci, a kuma jira minti 30 bayan an gama. Ga mai silif, ruwan yana cinye ɗan wurin da ya rage, sai amai. Ga mai baifas, ruwan yana wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo tun ba a naɗe tabarma ba. Wasu kuma da suka ji wannan doka sai su tsorata da ruwan gaba ɗaya, alhali ana son lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa ba. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da suka fi mayar da mutane gadon asibiti a makonnin farko. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙarƙashin rumfar ɗaurin aure ya san abin da nake nufi. Ki riƙe gorarki a jaka.

Abin da ya kayar da ni a gidan Gwaggo likitoci suna kiransa dampin, wato zubowar abinci cikin hanji a lokaci guda. Sukari mai yawa ya faɗa hanji ba tare da tumbi ya tsare shi ba, sai hanjin ya jawo ruwa daga jini don ya tsarma shi. Daga nan bugun zuciya, jiri, gumi da gudawa, yawanci minti 10 zuwa 30 bayan ci. Akwai kuma na baya, wanda kan zo bayan awa ɗaya zuwa uku: jiki ya saki insulin da yawa (sinadarin da ke sauke sukari), sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki yana ganin duhu-duhu. Masu baifas ya fi kamawa, amma masu silif ma ba su tsira ba.

Kowa ya san lemon kwalba, ga sukari ga iskar da ke kumbura ɗan tumbin. Inda ake ruɗuwa shi ne abin sha namu na gida. Ana ganin zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da fura ai na gargajiya ne, ba sa cutarwa. Ku tsaya ku ga mudun sukarin da ake juyewa a zoɓon biki. Maltina ma da ake miƙa wa manyan baƙi, sukari ne da iska. Haka shayin mai shayi da aka tuttula wa madarar gwangwani. Waɗannan duk suna wucewa sulululu, ba sa cika tumbi, shi ya sa za ka ji mace tana rantsuwa ba ta cin komai amma ƙiba tana dawowa a shekara ta biyu. Kindirmo marar sukari ya fi su duka. Shayi kuma a nisanta shi da ƙwayar ƙarin jini, don yana hana jiki ɗaukar ta.

A kan faranti, kuskuren shi ne farawa da shinkafa. Wurin da kike da shi bai wuce 'yan cokula ba, kuma jiki yana neman furotin giram 60 zuwa 80 kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 kawai yake bayarwa. In shinkafa ta riga shiga, nama ba shi da masauki, sai gashi ya fara zuba, ƙarfi ya tafi. Fara da kifi, kaza mai romo, ƙwai, alale, awara ko wake, sannan ganye, in da sauran wuri a taɓa shinkafar. A gidan abinci farfesun kifi abokin tafiya ne. Wuraren da ake biya sau ɗaya a ɗebi yadda aka ga dama kuwa asarar kuɗi ce, ido zai ɗebo abin da ciki ba zai karɓa ba. Gara ki nemi ƙaramin faranti ki ɗiba daga na maigida.

Cin tire ɗaya da jama'a shi ma tarko ne, don hannu yana bin saurin hannun da ke kusa da shi. Loma ta zama ƙarama, a tauna har ta zama kamar kunu, a ɗauki minti 20 zuwa 30. Tuwo da sakwara da muka saba haɗiyewa ba tauna su suka fi tsayawa a ƙirji, tare da burodi mai laushi, kilishi da tsiren da ya bushe. Ƙoshi ma kamanninsa sun sauya: wani shaƙuwa ce ke kama shi, wani atishawa ko yoyon hanci, wani nauyi a ƙahon zuci. Da an ji alamar a tsaya, cokali ɗaya a kai shi ne amai. Kada kuma ki wuni da yunwa wai kina tara wuri don walima. Wurin ba ya taruwa.

Yanzu maganar giya. Hukuncinta a Musulunci ba wanda bai sani ba, ba shi na zo maimaitawa ba. Amma masu karanta Hausa ba Musulmi ne kaɗai ba, kuma a cikin Musulmin ma akwai masu sha a ɓoye, a otal a Abuja ko in an fita waje. Masu ɓoyewar nan su na fi ji wa tsoro, don likita ya tambaye su kafin aiki sun ce ba sa sha, shi kuma bai yi musu bayanin da ya kamata ba.

A cikakken tumbi, giya takan ɗan zauna, wani sinadari ya fara karya ta, ƙofar tumbi ta riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Bayan baifas ba wannan shingen. Tana sauka hanji kai tsaye, cikin 'yan mintuna ta hau jini, ga shi nauyin jiki ya ragu, ga ciki ba abinci. Binciken da aka yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 2015 ya nuna cewa ga matan da aka yi wa baifas, kofi biyu yana aikin kofi huɗu, daga baya kuma aka ga kusan haka ga masu silif. To mutumin da ya saba shan kwalba biyu ya tuƙa kansa gida, yanzu da rabin kwalba ya wuce a ba shi sitiyari, shi kuwa yana auna kansa da tsohon ma'auninsa.

Giya kuma tana hana hanta sakin sukari cikin jini. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, abokai su ce maye ne, a kwantar da shi ya yi barci, alhali sukarinsa ne ya faɗi, asibiti yake buƙata. Tana ƙona wurin ɗinki ta jawo gyambon ciki. Tana cinye bitamin B1, wanda dama ƙarancinsa bayan aiki, musamman ga mai yawan amai, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da idanu da tafiya. Kowane giram nata kuma kalori 7 ne, ya fi na sukari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da matsalar shaye-shaye take kunno kai. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh sun bi kusan mutum 2,000 da aka yi wa aiki a asibitoci 10 na Amurka, suka wallafa a mujallar JAMA a 2012. Masu matsalar shaye-shaye kashi 7.6 cikin 100 ne kafin aiki, shekarar farko ba ta sauya ba, a ta biyu suka kai kashi 9.6. Da aka ci gaba da bibiya, cikin shekara biyar kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu baifas ya nuna alamunta. Wato sai an rame, an ɗinka sababbin kaya, an daina zuwa ganin likita, sannan take shigowa. Wanda a da abinci ne mafakarsa in ransa ya ɓaci, an rufe masa wannan ƙofa, sai ya nemi wata. A wajenmu ƙofar ba lallai ta zama giya ba, tana iya zama kodin, tiramol ko ƙwayar barci. Wanda ya ga kansa a hanyar nan ya faɗa wa likitansa gaskiya tun da wuri.

Likitoci suna hana giya ɗungurungum a lokacin da jiki ke zubewa da sauri, wata shida zuwa shekara, da yawansu kuma suna cewa a bar ta har abada. Burkutu, bammi da fito duk giya ce. Haka 'yan kwalaben bitas da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, da yawansu cike suke da barasa, a karanta jikin kwalbar. Shisha da taba su ma suna hana ɗinki warkewa. In kai ya yi ciwo bayan hayaniyar biki, kada a aika kemis a sayo ibuprofen ko diclofenac, suna iya huda wurin haɗin. Farasitamol ake sha.

Azumi ya zo mini wata bakwai bayan aiki, na so in ɗauka don kada a ga ina ci. Likitana ya hana, ya ce ba yadda za a yi in sha lita biyu kurɓi-kurɓi, in ci furotin ɗina, in raba su da rabin awa, duk tsakanin magariba da asuba. Na rama daga baya, kamar yadda aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda aka ba izinin ɗauka, ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya tashi ya yi salla, ya dawo ya ci ƙwai ko kifi. Kunun tsamiya mai sukari da ƙosai a kan cikin da ya wuni fayau, dampin ne kai tsaye.

Babbar Salla kuma soyayyen naman layya ne jarabawa, wanda aka soya ya bushe ƙayau don ya daɗe. Ni dai tun ranar yanka nake ware tsoka da 'yar hanta, in dafa su da romo har su yi luguf, in ƙulla a ƙananan leda in sa a firiza. In an fito da soye ana zagayawa da shi, nakan ɗauki tsoka ɗaya in riƙe a hannu, in yi ta yagarta sili-sili har a tashi daga hira.