Magniziyam: Kurakuran Da Muke Yi Daga Turmi Zuwa Kemis

A 'yan shekarun nan sunan magniziyam ya shiga bakin mutane. Ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ci karo da mai tallan kwalba yana rantsuwa ita ce maganin rashin barci da hawan jini da ciwon suga da gajiya. Akwai gaskiya a maganar, sai dai an cakuɗa ta da son ciniki. Magniziyam sinadari ne da jiki ba ya haɗawa da kansa, sai ta ci da sha, kuma ayyuka sama da 300 na cikin jiki ba sa tafiya sai da shi: motsin tsoka, saƙon jijiya, bugun zuciya, sarrafa suga, ginin ƙashi. Babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 25 nasa, rabi ko fiye a cikin ƙashi. A ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka fitar, namiji baligi yana buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, mai juna biyu 350 zuwa 360.

Ga Bakano cika wannan adadi bai kamata ya zama aiki ba. Dawa da gero da wake da riɗi da gyaɗa da ake jibgewa a Dawanau su ne kan gaba wajen ɗauke da shi. Matsalar ita ce abin da muke yi musu kafin su kai baki.

Kuskuren da ya fi kowanne girma a turmi yake faruwa, ko a injin surfe. Mafi yawan magniziyam na hatsi yana cikin dusa ne da ɗan idon nan da tsiro ke fitowa daga shi. Giram 100 na dawa da ba a surfa ba yana da kimanin miligiram 165, na gero sama da 110. To uwargida ta aika yaro inji da umarnin “a surfa ta fes”, a bakace, a wanke, a niƙa, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwo ya fito fari sol, kowa yana santi, amma abin da ake nema ya tafi a dusa, ragon layya ya more. A alkama ratar ta fi fitowa fili: garin da aka niƙa da komai nasa yana da kusan miligiram 135 a giram 100, farar fulawa kuwa 22 kacal. Shinkafa ma haka, farar da aka goge ba ta wuce 25 zuwa 35 ba, wadda ba a goge ba ta haura 100.

Yanzu duba cin gidaje da yawa a birni. Da safe shayi da burodi, yara taliyar leda. Da rana shinkafa da mai da yaji. Da dare tuwon shinkafa ko taliya. Ciki ya cika taf, amma magidanci zai iya kwana bai samu rabin abin da jikinsa ke buƙata ba, kuma ba zai ji komai ba, domin ƙoda tana rage wanda take fitarwa a fitsari, ƙashi kuma yana ba da tasa ajiyar a hankali.

Ban ce a daina surfe gaba ɗaya ba, na san ba mai saurarona idan na ce haka. A yi shi sama-sama ga gero da dawa, a rage tankaɗe, a dawo da tuwon dawa da biski da dambu ko da sau uku a mako. Mai yin gurasa ko alkubus ko funkaso a gida ta haɗa garin alkama da fulawa rabi da rabi, da sannu baki zai saba. Masara ce nake ɗan sassautawa a kanta, saboda surfe yana rage dafin fumfuna idan ba ta bushe da kyau ba, don haka wadda za ta niƙa ta da dusarta ta tabbata tsabar lafiyayya ce, ba ruɓi ba warin rima. Sannan akwai wani sinadari a bawon hatsi da wake mai riƙe magniziyam ya hana hanji tsotsa, kuma dama kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na wanda aka ci ne kawai yake shiga jiki. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin ƙullu ya ɗan yi tsami, yana karya ƙarfin wannan sinadari. Kakanninmu suna yi ba tare da sun san sunansa ba.

Daga turmi sai tukunya. Koren da ake gani a ganye, magniziyam ne a tsakiyar ƙwayarsa, shi ya sa zogale da alayyafo da rama da yakuwa suke cikin lissafi. Zafin wuta ba ya kashe shi. Ruwa ne yake janye shi. Dubi yadda ake kwaɗon zogale: a cika tukunya da ruwa, a tafasa har ruwan ya yi duhu, a tsiyaye a rariya, a matse ganyen tamau da hannu biyu, a sheƙar da ruwan a makwarara. Wani kaso na abin da aka sayo a 'Yankaba ya bi ruwan nan. Gyaran mai sauƙi ne: a turara zogale a madambaci, ko a sa ruwa kaɗan wanda zai tsotse a jikinsa. Alayyafo a wanke shi kafin a yanka, ba bayan an yanka ba, a zuba a miya daf da saukewa. Rama dole a zubar da ruwan fari saboda tsami, amma sau ɗaya ya isa. Miyar kuka da karkashi ba su da wannan matsala, tunda ganyen da ruwan duk ciki suke tafiya.

Akwai kuma raina abincin da ya fi amfani. Ka tambayi mutum abin da ke gina jiki ya ce nama da madara, in ya ɗan yi karance-karance ya ƙara da ayaba. Nama giram 100 bai fi miligiram 20 zuwa 25 ba, kofin madara ma kusan haka, ayaba guda ɗaya kimanin 30. Busasshen wake kuwa giram 100 yana da kusan 180, gyaɗa kusan 170, riɗi wajen 350. Ke nan garau-garau da alale da ƙosai da kunun gyaɗa sun fi tsire a wannan fage nesa ba kusa ba. 'Ya'yan kabewa sun fi su duka, suna haura 500, amma ranar miyar taushe me ake yi da su? A kwashe da cokali tare da zaren cikin a watsa wa kaji. A wanke su, a shanya, a soya sama-sama ba mai, a ɓare a ci kamar gyaɗa, ko a daka a miya kamar agushi.

Wasu kuma suna ganin tunda da man gyaɗa suke girki ai sun ci gyaɗa. Mai ba ya ɗaukar magniziyam, a tunkuza yake zama. Saboda haka ƙuli-ƙulin da ake barbaɗawa a kwaɗo ko a gurasa ya fi kwalbar man da aka matse daga gare shi. Sai dai a guji gyaɗa mai ɗaci ko wadda ta yi fumfuna, kuma mai ciwon suga ya tuna kantun riɗi da suga ake haɗa shi, gara ya barbaɗa riɗin zalla a abinci.

Kurakuran kemis sun fi na kicin haɗari. Magniziyam na abinci ba ya yi wa mai lafiyar ƙoda yawa, jiki yana fitar da rarar. Na ƙwaya daban ne. Iyakar da aka gindaya a Amurka ga babban mutum ita ce miligiram 350 a rana daga ƙwaya ko ruwan magani, sai dai in likita ne ya ƙara. Wanda ya wuce haka abin da zai fara gani shi ne gudawa da murɗar ciki, musamman da nau'in da aka rubuta magnesium oxide a kwalinsa, wanda ya fi arha kuma hanji bai cika tsotsarsa ba. Ga wanda ƙodarsa ta yi rauni kuwa, sinadarin taruwa yake yi a jini: jiki ya mutu, jini ya sauka, numfashi ya yi nauyi, har zuciya tana iya tsayawa. Kuma mutane da yawa masu hawan jini da suga ƙodarsu ta fara taɓuwa ba su sani ba. Duk mai ɗayan cututtukan nan kada ya fara sha sai an duba masa ƙoda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu shan sa ba su san suna sha ba. Farin ruwan maganin nan na ƙwannafi da olsa, da wasu ƙwayoyin taunawa, da maganin wankin ciki, da yawansu magniziyam ne a ciki. Dattijo ya ajiye kwalba a gefen gado yana kurɓa ba ma'auni, ɗansa kuma ya aiko masa da ƙwayar ƙarin kuzari daga Sabon Gari, ka ga an haɗa biyu. Haka nan magniziyam yana kama wasu magungunan kashe ƙwayar cuta a hanji ya hana su aiki, irin su ciprofloxacin da ake yawan bayarwa don taifot, da tetracycline da doxycycline. A sha maganin awa 2 kafin na magniziyam, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Tambaya ɗaya ta wadatar a gaban kanta: “Malam, wannan zai haɗu da wanda nake sha?”

Game da rigakafin cuta, nan ne masu talla suka fi ƙara gishiri. Bincike da dama ya nuna masu cin abinci mai yawan magniziyam sun fi tsira daga ciwon suga nau'i na biyu da shanyewar ɓarin jiki, amma irin wannan abinci yana zuwa ne tare da harza da fotasiyam da sauransu, ba a iya ba magniziyam lada shi kaɗai. Da aka gwada ƙwayar a kan hawan jini, abin da ta rage a matsakaici bai fi maki 2 zuwa 3 ba. Wanda awonsa yake 170 ya ajiye maganin asibiti ya koma kwalbar intanet, kansa ya cuta. A ciwon ɓarin kai akwai shaidar yana rage yawan tashinsa ga wasu, amma adadin da ake buƙata ya haura iyakar nan, sai da likita. Ɗaurewar sha-raɓa da dare kuwa, wadda ake yawan jingina wa ƙarancinsa, gwaje-gwajen da aka yi a kan manya ba su nuna ƙwayar tana yin wani abin kirki ba.

Su kuma waɗanda ya kamata su damu, su ne ba sa damuwa: mai shan maganin olsa na omeprazole shekara da shekaru ba tare da komawa asibiti ba, mai shan ƙwayoyin sa fitsari irin furosemide da hydrochlorothiazide, mai sugan da ba ya sauka tunda yawan fitsari yana tafiya da magniziyam, mai gudawar da ta daɗe, da tsofaffi. Alamun farko rashin cin abinci ne da tashin zuciya da kasala, in ya yi nisa sai rawar tsoka da faɗuwar gaba, har jijjiga. Gwajin jini ba ya faɗar duka labarin, domin ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na magniziyam ɗin jiki ne yake yawo a jini. Ka lissafa wa likita duk abin da kake sha, har na kemis da na gargajiya.

Masu juna biyu na da nasu ruɗanin. Gaskiya ne allurar magnesium sulphate ita ce maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi amincewa da shi ga jijjigar masu ciki. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjigar da fiye da rabi ga matan da jininsu ya hau da ciki. Amma wannan allura ce ta asibiti, ana yi ana lura da numfashi da yawan fitsari, ƙwayar kemis ba ta maye gurbinta, ba ta kuma maye gurbin zuwa awo. Mai ciki da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ta fara gani dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwo ya tokare ta a ƙahon zuciya, a kai ta asibiti mafi kusa a lokacin, ko da tsakar dare ne.