Idan kun rabu, zaman gidan ba lallai ya zama kyauta ba

Ma'aurata da yawa da suka sayi gida tare a Turai ba sa sanin wannan sai magana ta kai gaban alƙali. Idan aka rabu, ɗaya ya kwashe kayansa ya fita, ɗayan ya ci gaba da zama, mai zaman na iya biyan diyya. Gidan na mutum biyu ne, mutum ɗaya ke morarsa, ɗayan kuma yana can yana biyan haya.

A Faransa tushen abin shi ne sashe na 815-9 na kundin dokokin farar hula. Kafin a kammala saki, alƙalin harkokin iyali ne ke faɗin wanda zai zauna a gidan, da ko zaman na kyauta ne ko na biya. Ku sa ido ku karanta wannan layin a takardar hukuncin, don nan gizo ke saƙa. Idan na biya ne, galibi ba a karɓa wata-wata, tarawa ake yi sai ranar rabon dukiya. A ce hayar gidan za ta kai Yuro 1,000 a wata, kowa da rabi, 500 ke nan. Kotuna kan rage kusan kashi 20 cikin 100 saboda zaman ba tabbatacce ba ne, ya koma 400. Shari'a ta ja shekara 3, an tashi da Yuro 14,400. Matar da aka bari da yara tana ganin an yi mata alfarma, sai ta tarar kasonta ya zaizaye.

A Jamus kuwa wanda ya fita ne ya fi bukatar hattara. Sashe na 1361b na kundin dokokin farar hula na ƙasar ya ba shi damar neman kuɗin idan adalci ya bukaci hakan, amma ba a lissafin baya, sai daga ranar da ya nema ƙarara. Wanda ya yi kawaici na shekara guda, kuɗin shekarar ya tafi. Kuma idan wata 6 suka wuce bai nuna da gaske yana son komawa ba, doka za ta ɗauka ya bar wa ɗayan zaman gidan, duk da kasonsa na mallaka yana nan.

A Ingila akan haɗa batun cikin rabon dukiya gaba ɗaya. Sai dai waɗanda aka ɗaura wa aure a can ba tare da rajista ba, kotu kan ɗauke su kamar marasa aure, su koma ƙarƙashin dokar mallakar gidaje ta 1996.

Ko kai ka fita ko ke kika zauna, a ga lauya tun a makonnin farko, a rubuta yarjejeniya. A adana rasit na bashin banki, haraji da gyaran gida, don akan duba su wajen lissafin abin da kowa ke bin ɗan'uwansa.