Kurakuran da aka fi yi da ƙananan ƙurajen fuska

Kwanakin baya ina tsaye a wani kemis, wata budurwa ta shigo ta ɗan ja hijabinta baya, ta nuna goshinta ta ce, "Malam, maganin ƙuraje za ka ba ni." Ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya miƙo mata wani man shafawa. Na leƙa kwalin, sai ga betamethasone a rubuce. Uban kurakuran ke nan: a ɗauka duk abin da ya feso a fuska iri ɗaya ne, magani ɗaya zai yi masa.

Ƙurajen balaga, waɗanda muke ce wa pimpul, maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ramin gashi. Alamarsu ita ce ba sa zuwa bai ɗaya: wani mai baƙin kai, wani mai farin kai, wani ya kumbura ya yi ruwa. In kuwa kin ga ƙananan ƙuraje duk girmansu ɗaya, sun jeru a goshi, wataƙila har ƙirji da baya, ga ƙaiƙayi in kin yi gumi, to a binciki wata ƙwayar fangas mai suna Malassezia, wadda ita ce ke kawo ƙyasfi. Irin waɗannan in aka yi ta ɗura musu antibayotik, ƙaruwa suke yi. Maganin fangas irin ketoconazole suke ji.

Mu koma kan man can na kemis, don a nan ɓarnar ta fi yawa. Betamethasone da clobetasol sinadarai ne masu ƙarfi na kwantar da kumburi, kuma ana samun su a mayukan bilicin da yawa da haɗin da ake sayarwa a roba ba suna. Satin farko fuska za ta yi luwai, a yi ta yaba wa mai haɗin. Bayan wasu makonni sai ƙananan ƙuraje su feso gaba ɗaya, fatar ta yi siriri har ana hango jijiyoyi, ta riƙa zafi in an shiga rana. Da an daina sai abin ya tashi, sai a koma, shi ya sa wasu suke shekara da shekaru a kai. Gyaran shi ne a ɗauki man, da kwalinsa, a kai wa likita ya tsara yadda za a janye. Kada a ɓoye masa, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai matsa. Akwai wasu farare ƙanana masu tauri kamar ƙwayar gero, galibi a ƙasan ido da saman kumatu, likitoci na ce musu milia. Ba su da baki, ko an yini ana matsa ba abin da zai fito, sai dai a bar baƙin tabo, wanda a fatarmu yakan yi watanni bai goge ba. A fuskar jariri ma suna fitowa, kuma da kansu suke bajewa cikin 'yan makonni. Maijego, ki bar su, ba sa buƙatar shafe-shafe.

Makilin, lemun tsami, kanwa: duk ƙona fata suke yi. Ban ga abin tsayawa dogon bayani a kansu ba.

Maza kuma nasu kuskuren a wajen aski yake. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka kwashe shi ƙwal da reza sai tsinin ya lanƙwasa ya koma cikin fata, haɓa da wuya su cika da ƙuraje. A huta da askin na 'yan makonni, daga baya a riƙa saisayewa da kilifa ana barin ɗan tsawo. Haka ƙurajen da suka bi layin gashi a goshin mata, sau da yawa man kitso ne ke gangarowa.

Wasu ma ba ciwo ba ne. Ƙananan baƙaƙen tsiron nan da ke fitowa a kumatu da gefen ido in shekaru sun fara ja, gado ne a baƙar fata, duba fuskar gwaggonninki. Masu ɗaure su da zare ko ƙona su da sinadari su ke jawo wa kansu tabo.

Ga masu pimpul na gaske, gajen haƙuri ne matsalar. Magungunan shafawa na pimpul irin benzoyl peroxide da adapalene sukan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, wani lokaci har 12, amma sai a jefar bayan kwana huɗu. Mai ciki kuma kada ta taɓa adapalene ko isotretinoin, wani maganin pimpul mai ƙarfi.

Akwai waɗanda ba a zama da su a gida. Ƙuraje masu sheƙi da ɗan rami a tsakiya ƙwayar bairos ce, yara sun fi yi. In sun yi yawa a fuskar babba, likita zai so a gwada jini har da ƙanjamau. Ƙuraje da zazzaɓi da kaluluwa kuwa, ko ƙarambau ne ko ƙyandar biri, asibiti za a nufa a ranar. Haka ƙurjin da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, yana jini ko yana ƙara girma.