In kana son fara tara tsofaffin sulalla, fara daga ɗakin kaka

Jama'a duk mai son shiga wannan harka ta tara kwandaloli don Allah kar ya fara da kasuwa. Ka je wajen kaka tukuna ka roƙe ta ta buɗe maka tsohuwar adaka ko gwangwanin da take ajiye allura da zare, ni a nan Jos haka na samu anini na farko da sisi biyu, ko kwabo ban kashe ba, kuma ta zauna ta faɗa min abin da taro yake saye a zamaninsu.

Ka san sunayensu. Anini goma kwabo ɗaya, taro kwabo uku, sisi shida, sule goma sha biyu, fataka sule biyu. Na zamanin Turawa anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo duk da huda a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida har da rubutun Larabci. In ka ga na 1936 mai sunan Edward VIII ka riƙe shi da kyau, sarkin Ingila ne da ya sauka daga mulki a shekarar da ya hau. Sai na 1959 na Tarayyar Najeriya, sai 1973 da naira ta zo, kwabo 25 ɗin nan mai dalar gyaɗa wallahi har yau shi na fi so. Ka zaɓi zamani ɗaya ka cike shi kafin ka tsallaka wani.

Toh abin da ya fi ci min rai shi ne wanki. Mutum ya samu kwabo mai shekara tamanin ya sa masa lemon tsami da toka ya goge wai sai ya yi ƙyalli, ai ka kashe shi kenan, wannan duhun da ke jikinsa shi masu saye suke nema. Ka riƙe shi ta gefe, ka sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda ka rubuta shekara da inda ka samo. Ban da leda mai laushi, da daminar Jos sai ka tarar ya yi kore.

In za ka saya a kasuwar Katako ko wajen Terminus a nan Jos ka tafi da gilashin ƙara girma, ka yi ciniki a natse. Kuma in an nuna maka azurfar Mariya Teresa, tsohon kuɗin ƙasar Ostiriya, mai 1780 kar shekarar ta ruɗe ka, duk waɗanda aka buga daga baya ma 1780 ɗin aka ci gaba da sa musu.