Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kasafin Gyaran Farfajiyar Gida a Yankuna Masu Tsada

A yankunan da gidaje da rayuwa suka yi tsada, irin su kewayen San Faransisko a Amurka ko birnin Landan a Ingila, sau da yawa mai gida yakan kira ɗan kwangila domin a tsara masa farfajiya, a shimfiɗa daɓe, a dasa bishiyoyi da furanni, sai a miƙo masa ƙiyasin da ya ninka abin da ya tanada. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne an tsawwala masa ne saboda unguwar da yake zaune. Akan samu hakan, amma galibi matsalar tana cikin lissafin da ya yi tun farko, domin ya ƙirga abin da ido zai gani bayan an kammala, ya bar abin da ke cin kuɗin da gaske, wato ladan ma'aikata da aikin da za a binne a ƙarƙashin ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gina kasafi a kan farashin kaya. Mutum zai duba kuɗin shuke-shuke da duwatsun shimfiɗa, ya ƙara ɗan wani abu na aiki, ya ɗauka ya gama. Amma bambancin yanki mai tsada da mai sauƙi bai cika fitowa a farashin siminti ko tsakuwa ba. A hannun ma'aikaci yake fitowa. Leburan da zai tura baro a farfajiyar yana biyan hayar ɗaki a wannan yankin ko yana yin doguwar tafiya kullum kafin ya iso, shi kuma ɗan kwangila yana biyan inshora da lasisi da hayar filin ajiye injuna da kuɗin zubar da ɓaraguzai, kuma duk waɗannan suna komawa kan mai gida. Saboda haka matsakaicin farashin ƙasa baki ɗaya da ake gani a intanet ba shi da amfani sosai a nan. Gyaran shi ne a nemi a rubuta ƙiyasi a rarrabe, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, haƙa da kwashe ƙasa daban, domin a ga inda nauyin yake kafin a fara tunanin abin da za a rage.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin da ya sa haƙa ke ba mutane mamaki. Daɓe mai faɗin murabba'in mita 40 yana bukatar a haƙa ƙasa kamar zurfin santimita 20 domin a samu wurin tsakuwar da za a daddanne a ƙasansa. Wannan ya kai kubik mita 8 na ƙasa, kuma tun da kowane kubik mita yana da nauyin kusan tan ɗaya da rabi, ana maganar tan 12 ne da dole a fitar daga gidan, sannan a shigo da kusan irin wannan nauyi na tsakuwa da yashi da duwatsu. Idan ƙaramin injin haƙa zai iya shiga bayan gidan, aikin ba ya daɗewa. Idan kuwa hanya ɗaya ce siririya a gefen gini, ko kuma dole a bi ta cikin gida kamar yadda yake a yawancin jerin gidajen Landan da ke manne da juna, to da baro da bokiti za a yi, kuma kwanakin aiki za su ninka. Mai gidan da bai nuna wa ɗan kwangila hanyar shiga ba kafin a yi ciniki, ko wanda ya karɓi ƙiyasi ta waya ba tare da an zo an ga wurin ba, ya shirya wa kansa gardama. Inda hanya ta yi ƙunci, sau da yawa cire ɓangaren shinge na ɗan lokaci, da yardar maƙwabci, ya fi biyan mutane su yi dako sauƙi.

Kuskuren da ya fi kowanne tsadar gyarawa kuwa shi ne raina maganar ruwa. Magudana ba ta da kyan gani, ba a nuna ta wa baƙi, don haka ita ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza, alhali ita ce ke riƙe da sauran aikin. Ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta tanadi cewa ƙasa ta gangara daga jikin gini da aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, kuma daɓen da ke kusa da gida ya karkata waje da kashi 2 cikin ɗari. A Ingila, abin da aka saba shi ne a bar saman daɓe ƙasa da layin da ke hana danshi hawa bango da milimita 150. Idan aka saɓa wa waɗannan, ruwan sama zai taru a gindin gini, daɓe zai lotsa, bishiyoyin da aka saya da tsada za su ruɓe a ƙasar laka da ba ta shanye ruwa. Abin takaicin shi ne ba a iya gyara wannan sai an fasa abin da aka riga aka biya, wato a biya kuɗin aiki sau biyu a wurin da kuɗin aiki ne mafi nauyi. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin a zana komai: a haƙa rami, a cika shi da ruwa, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsotse, sannan a fita lokacin da ake ruwa mai ƙarfi a lura da inda yake kwanciya da inda yake bi.

Haka nan mutane da dama suna ɗauka cewa farfajiya ba gini ba ce, don haka ba ruwan hukuma da ita. A wurare da yawa a Amurka, katangar tare ƙasa da ta wuce ƙafa 4, idan aka auna daga ƙasan harsashinta, tana bukatar izini, kuma galibi sai injiniya ya sa hannu a zanenta. A Ingila, tun daga 2008, wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, ba tare da ya karkatar da ruwan zuwa wurin da zai shanye ba, sai ya nemi izinin hukumar tsara gari, kuma akwai bishiyoyin da doka ta kare waɗanda ko reshensu ba a sarewa sai da takarda. A Amurka kuma akwai lambar 811 da ake kira kafin a haƙa domin a zo a yi alama a inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Tambaya ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma kafin zane ta fi biyan tara da umarnin rushewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan aka zo zaɓen ɗan kwangila, shawarar da kowa ya sani ita ce a karɓi ƙiyasi daga mutum uku. Shawara ce mai kyau, sai dai ba ta da ma'ana idan kowannensu aikin da ya ga dama ya ƙiyasta. Wani zai sa tsakuwa mai kauri a ƙarƙashin daɓe, wani ya sa rabinta. Wani ya haɗa da kwashe ƙasa, wani ya yi shiru a kai har sai an tara tsibi a ƙofar gida. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a ƙiyasi mafi araha yawanci shi ne wanda ya bar abubuwa da yawa ba a ambata ba. Shi ya sa biyan mai zana tsarin farfajiyar tun farko, wanda mutane ke gani kamar asara, yake zama tanadi: zane ɗaya da jerin kaya ɗaya su ne ke ba da damar kwatanta farashi bisa gaskiya. A kuma yi hattara da kafin alƙalami. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta hana ɗan kwangilar gyaran gida karɓar kafin alƙalamin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kwangilar ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ko inda babu irin wannan doka, ya fi kyau a ɗaure kowane biya da kammala wani mataki da za a iya gani.

Raba aiki kashi-kashi dabara ce mai kyau ga wanda kuɗinsa bai kai ba, amma mutane sukan juya tsarin. Suna fara dasa furanni da ciyawa domin gida ya yi kyau da wuri, bayan shekara guda kuma injin da ya zo yin daɓe ya tattake su. Abin da ya dace shi ne a fara da daidaita ƙasa da magudana, sai katanga da daɓe, shuka ta zo a ƙarshe. Kafin a rufe kowace hanya ko daɓe, a binne bututun da babu komai a cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan, domin duk ranar da aka so jan ruwa ko wayar fitila, ba sai an fasa ba. Kuɗin wannan bututu bai taka kara ya karya ba.

Wurin da za a iya ragewa ba tare da nadama ba shi ne girman shuka. Babbar bishiya tana da tsadar saye da tsadar ɗauka, kuma tana daɗewa ba ta kama ƙasa ba. Masana bishiyoyi a wurare masu sanyi suna ƙiyasta kusan shekara guda ta farfaɗowa ga kowane inci na kaurin gangar jikinta. Ƙaramin dashe yakan kafu da wuri, har ya kusan kamo babban cikin 'yan shekaru.

Akwai kuma kuɗin da ke zuwa bayan ma'aikata sun tafi, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan da gidaje ke amfani da shi a ƙasar a waje yake ƙarewa, kuma a yankuna masu fari ya fi haka. Shimfiɗar ciyawa tana daga cikin abubuwa mafi araha a ranar dasawa, amma tana bukatar yanka da ban ruwa da taki muddin tana raye, kuma a inda mai yankan ciyawa ke karɓar lada mai yawa, wannan yakan haura kuɗin dasawar cikin 'yan shekaru. Saboda haka kafin a amince da zane, a tambayi mai zanen awa nawa na kulawa farfajiyar za ta buƙata a wata, da wanda zai yi. A kuma ware kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin domin abin da haƙa zai tono, kamar tsohon kankare ko dutse ko bututun da ya fashe, sannan duk canjin da aka yi bayan an fara aiki a rubuta shi da farashinsa, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin a taɓa shi.